Wuta ɗaya, ruwa ɗaya: me ya sa sitil ya taurara, jan ƙarfe ya yi laushi?

Tambaya: Ina koyon aikin ƙarfe. Na ƙera kurfi na yankan ƙarfe daga tsohon sifirin ɗin mota, na gasa shi ya yi ja, na tsoma a ruwa. Ya yi tauri har magagari ba ya kama shi, amma daga bugu biyu bakin ya ɓalle. Na yi wa ƙusa haka, ba ta taurara ba. Na yi wa bututun jan ƙarfe, shi sai ma ya ƙara laushi. Me ke faruwa a cikin ƙarfe da har abu ɗaya ke ba da sakamako uku?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. Abin da za ka fara cirewa a ranka shi ne cewa ruwa na ƙara wa ƙarfe wani abu. Ruwa ba ya shiga cikin ƙarfe. Aikinsa ɗaya ne, ya kwashe zafi da sauri, ya hana abin da ke cikin ƙarfen samun lokacin komawa mazauninsa. In akwai abin da za a rutsa a hanya, kamar kabon (sinadarin gawayi) da ke cikin sitil, wato baƙin ƙarfe mai ɗan kabon, ƙarfe ya taurara. In babu, ko sau goma ka tsoma ba abin da zai faru. Amma kafin wannan magana ta zauna, sai mun leƙa cikin ƙarfen kansa.

Kowane ƙarfe tarin ƙwayoyin zarra ne, waɗanda zan riƙa kira atam. Abin da ya raba ƙarfe da dutse ko gilashi shi ne irin riƙon da atam ɗinsa ke yi wa juna. A gilashi kowane atam yana ɗaure da wasu maƙwabta takamaimai, in ka tilasta masa gusawa ɗaurin ya tsinke, abin ya fashe. A ƙarfe kuwa kowane atam yana sakin ilektaron ɗinsa na waje, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki da ke kewaye da shi, su zama na kowa da kowa, suna kai-kawo tsakanin atam ɗin kamar ruwa tsakanin tsakuwa. Su ke ɗaukar lantarki da zafi, su ke sa ƙyalli, kuma saboda su ne sahun atam zai iya zamewa a kan wani sahu, ya sami sababbin maƙwabta, ƙarfen bai rabu ba. Ƙira da jan waya da lanƙwasa faranti duk a kan wannan zamewa suka dogara.

Atam ɗin ba a watse suke ba, a jere suke sahu-sahu. Lokacin da narkakken ƙarfe ke daskarewa, jerin yana farawa a wurare masu ɗimbin yawa lokaci guda, kowane wuri da inda ya sa gaba, su yi ta girma har su yi karo da juna. Kowane yanki mai jeri ɗaya shi ne tsaba, inda biyu suka haɗu kuma iyakar tsaba. A sitil na yau da kullum faɗin tsaba yakan kasance tsakanin milimita 0.01 da 0.1, sai an goge ƙarfen, an ɗiga masa asid mai rauni, an duba da madubin ƙara girma ake ganinta. Henry Sorby ne ya fara wannan duba a Shafil ta Ingila a shekarun 1860. In kana son ganin tsaba da idonka, dubi fure-furen da ke jikin farantin da aka tsoma a narkakkiyar tutiya, kowane fure tsabar tutiya ce guda.

Tsarin jerin da ya fi damun mu iri biyu ne. Ka ɗauki ɗan akwati mai fuska shida daidai wa daida, da atam a kowace kusurwarsa takwas. A tsari na farko akwai ƙarin atam ɗaya a tsakiyar akwatin. A na biyu ƙarin yana tsakiyar kowace fuska. Jan ƙarfe da alminiyam da dalma da azurfa da zinariya duk na biyu ne, shi ya sa suke da sauƙin miƙewa. Baƙin ƙarfe in yana sanyi na farko ne. Akwai na uku mai kusurwa shida da tutiya da maganiziyam ke bi, wanda ba ya son a lanƙwasa shi a sanyi, amma ba shi ne maganarmu ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Da masana suka lissafa ƙarfin da ake buƙata a zame da sahun atam gaba ɗaya a kan ɗan'uwansa, sai suka ga lissafin ya ninka abin da ake aunawa a tsantsar ƙarfe sau ɗaruruwa. A 1934 mutum uku, Taylor da Orowan da Polanyi, kowa shi kaɗai, suka kawo bayanin. Jerin atam bai cika daidai ba. Nan da can akwai sahun da ya taso bai kai ƙarshe ba, ya tsaya a tsakiya, sauran sahu suka ɗan karkace suka kewaye bakinsa. Masana na ce masa disilokeshan, ni zan ce masa guntun sahu. In aka matsa wa ƙarfe, ba duk sahun ke zamewa lokaci ɗaya ba, guntun sahun ne ke gusawa taki ɗaya-ɗaya har ya fita ɗaya gefen. Kamar doguwar darduma mai nauyi ce: jan ta gaba ɗaya sai ƙarti, amma in ka tada ɗan tudu a bakinta ka riƙa tura tudun da ƙafa har ƙarshe, ta gusa ba ka yi gumi ba.

Ka riƙe wannan da kyau: ƙarfe mai laushi shi ne wanda guntayen sahunsa ke tafiya ba tangarɗa, mai tauri kuma wanda aka tare musu hanya. Duk wata dabarar ƙara wa ƙarfe ƙarfi dabarar tare hanya ce. Iyakar tsaba shinge ce, don haka ƙarfe mai ƙananan tsaba ya fi mai manya ƙarfi, kuma wannan ce kaɗai hanyar da ke ƙara ƙarfi da juriya tare. Baƙon atam da ya fi na gida girma ko ƙanƙanta shi ma cikas ne, shi ya sa in aka zuba tutiya kashi 30 cikin 100 a jan ƙarfe, ko kuza kamar kashi 10, gamin ya fi tsantsar jan ƙarfe ƙarfi nesa ba kusa ba. Sannan guntayen sahun kansu suna tare wa juna hanya.

Wannan na ƙarshe shi ne labarin bututunka. A masana'anta an ja shi ta cikin rami a sanyi. Kowane ja yana haifar da sababbin guntayen sahu, su yi yawa, su sarƙe, har babu mai iya motsi. Ka gwada da waya: lanƙwasa ta farko da sauƙi, ta biyar ta yi gardama, ta goma ta karye. Da ka gasa bututun ya yi ja-ja, wajen digiri 500 zuwa 650 a ma'aunin Salshiyas, sai sababbin tsaba masu tsabta suka tsiro suka cinye tsofaffin da suka sarƙe. Laushin a cikin wuta ya same shi, tun kafin ya ga ruwa. Jan ƙarfe tsarin jerinsa ɗaya ne daga sanyi har ya narke a digiri 1085, babu abin da ruwa zai rutsa. Amfanin tsomawar kawai ta ɓamɓare baƙin ɓawon da ya hau kansa, ta kuma rage maka jira. Wannan tsirowar sabuwar tsaba takan fara ne daga kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin zafin narkewa, in an auna da ma'aunin Kelbin, wanda ke fara ƙirga daga digiri 273 ƙasa da sifilin Salshiyas. Dalma da ke narkewa a digiri 327 tana yi wa kanta haka a zafin ɗaki, shi ya sa duka ba ya taurara ta. Shi ne kuma dalilin da ya sa da zafi-zafi ake dukan ƙarfe: a jan wuta, sarƙewar da masaba ta jawo tana warwarewa nan take.

Baƙin ƙarfe yana da wani hali da ba kowane ƙarfe ke da shi ba, yana canza tsarin jerinsa alhali bai narke ba. Tsantsarsa daga sanyi zuwa digiri 912 yana kan tsarin atam a tsakiya, ana ce masa ferait. Daga 912 zuwa 1394 ya koma tsarin atam a fuska, ana ce masa ostenait. Sai ya sake komawa na farko har ya narke a 1538. Abin mamaki, ostenait ya fi cunkushewa, atam sun cike kashi 74 cikin 100 na wurin, ferait kuma 68, amma guraben da ke tsakanin atam ɗin ostenait sun fi faɗi. Atam ɗin kabon ƙarami ne, a waɗannan gurabe yake zama. Ferait ba ya iya ɗaukar kabon fiye da kashi 0.02 cikin 100. Ostenait yana ɗaukar kusan 0.8 a digiri 727, har ya kai 2.1 a digiri 1147. Kabon kuma yana sauko da zafin canjin: sitil mai kabon 0.8 ya gama zama ostenait da ya haura 727.

To, ka gasa sitil mai kabon 0.6 ya zama ostenait, kabon ya narke a cikinsa kamar gishiri a ruwa. In ka bar shi ya huce a hankali, jeri zai koma ferait, ferait kuma ba shi da masaukin kabon. Sai kabon ya tattara ya fita, ya haɗu da wani ɓangare na ƙarfen, atam uku na ƙarfe da ɗaya na kabon, su zama simentait, abu mai tsananin tauri da gautsi wanda kabon ɗinsa ya kai kashi 6.67. Simentait da ferait sukan jeru falle-falle, mai tauri da mai laushi bi da bi, ana ce wa wannan falait. Sitil a wannan hali yana yankuwa, yana huduwa, yana lanƙwasuwa.

Wannan ƙaura ta kabon lokaci take so. In ka tsoma, zafin ya faɗi cikin daƙiƙu kaɗan, kabon bai tashi daga gurbinsa ba. Daga wajen digiri 300 zuwa ƙasa jerin ƙarfe zai juya ƙarfi da yaji zuwa tsarin ferait da kabon maƙale a ciki. Akwatin ya kasa zama daidai, ya miƙe ta gefe ɗaya, kowane lungu ya cika da matsi da guntayen sahu masu sarƙe. Wannan shi ne matensait, an sa masa sunan Bajamushe Adolf Martens. Babu guntun sahun da ke iya motsi a ciki, shi ya sa magagari ya zame. Kuma tun da ba ya iya ba da kai ko kaɗan, in bugu ya zo sai tsagewa. Ƙari a kan haka, matensait ya fi ostenait girma da kusan kashi 4 cikin 100. Waje ya riga ciki juyawa, daga baya ciki ya kumbura a cikin ɓawon da ya riga ya sandare.

Ƙusarka ta bi duk wannan hanya, amma kabon ɗinta bai wuce kashi 0.1 ko kusa da haka ba. Ba abin da za a rutsa, kuma irin wannan sitil yana komawa ferait da saurin da ruwa ba ya cim masa. Ƙasa da kabon 0.3 kada ka sa ran taurin kirki. Daga 0.4 zuwa 0.6 ake samun na gatari da sifirin da guduma, daga 0.7 zuwa 1.2 na wuƙa da magagari da reza. In dole sai sitil mai laushi za ka taurara, sai dai ka ciyar da fatarsa kabon: a rufe shi cikin akwatin ƙarfe da garin gawayi, a toshe da yumɓu, a riƙe a digiri 900 zuwa 930 na sa'o'i da dama, sannan a tsoma. Taurin ba zai wuce zurfin milimita ɗaya ko makamancin haka ba, ciki na nan da laushinsa.

Yanzu kurfinka. Daga bayaninka ina ganin kurakurai biyu tabbas, da na uku da nake zato. Na farko ruwa. Yawancin sifirin ɗin mota na falle-falle sitil ne mai kabon kusan 0.6 da kuromiyam ƙasa da kashi 1. Kuromiyam da manganis suna jinkirta ƙaurar kabon, don haka mai ya ishe shi, ruwa kuwa ya yi masa kaifi, yakan bar tsaga siririya da ido ba ya gani. Na biyu, ba ka sassauta shi bayan tsomawa ba, kuma wannan ne babban laifin. Na uku, mai yiwuwa wutar ta yi yawa. Dubi inda ya karye: in fuskar tana da laushin gani, toka-toka kamar siminti, tsabar ƙanana ce. In tana ƙyalli da tsakuwa-tsakuwa, tsabar ta ƙosa saboda zafi. In ka ga wani ɓangare ya yi baƙi ko launin tsatsa, tsagar ta riga bugun.

Ga yadda za ka sake. Ka yi ƙirar a tsakanin ruwan lemo mai haske da ja, wato daga wajen digiri 1050 zuwa 850, kuma da jan ya fara mutuwa ka daina bugu, don dukan wannan sitil a baƙi tsaga yake sawa. Ka bar bakin da kaurin milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kada ka wasa shi tukuna, domin wuta na cinye kabon ɗin fata, kuma siririn baki shi ke fara ƙonewa. Bayan ƙira ka daidaita tsaba: ka gasa har maganaɗisu ya daina kama shi, ka ƙara ɗan kaɗan, ka fitar ya huce a iska har ya yi baƙi. Sau biyu ko uku. Kowane zagaye yana haifar da sabuwar tsaba da ta fi ta baya ƙanƙanta. Mutane da yawa na tsallake wannan mataki don ba a ganin amfaninsa da ido, alhali shi ke gyara ɓarnar da zafin ƙira ya yi.

Maganaɗisu ma'auni ne mai kyau amma a san iyakarsa. Baƙin ƙarfe na daina amsa masa a digiri 770, sifirin kuma yana son 830 zuwa 850. Don haka in ya daina kamawa, ka ƙara launi mataki ɗaya, ja mai haske, ka riƙe a nan minti biyar zuwa goma ba tare da ya haura ba. Ka yi wannan a inuwa, domin a hasken rana abin da ka ɗauka ja ne ya riga ya kai ruwan lemo. Milimita 25 zuwa 30 na baki kaɗai ke buƙatar wannan zafi. Man ya kasance a gwangwanin ƙarfe mai murfi, an ɗumama shi zuwa digiri 50 ko 60 don ya tsinke, kuma ya yi yawa, kamar lita 8 ga kowane kilo na ƙarfe. Ka shigar da kurfin a tsaye, baki a gaba, kana ɗaga shi sama da ƙasa. Wannan motsi na fasa rigar tururin da ke manne wa ƙarfe ta bar masa tabon laushi, kuma yana hana a sami layi guda tsakanin inda ya taurara da inda bai taurara ba, wanda nan ne kurfi ke yawan gutsurewa. Kada ka kaɗa shi gefe da gefe, zai karkace. In man ya kama wuta, murfi za ka rufa, ba ruwa ba.

Da ya huce har hannu na iya riƙe shi, ka gwada da magagari, sannan ka sassauta nan take, kada ya kwana. Sitil da aka tsoma aka ajiye yakan tsage shi kaɗai a kan tebur. Sassautawa ita ce a mayar da shi wuta mai sauƙi don ɗan kabon ya samu fita ya zama ƙananan ɗigon simentait, matsin ya ragu. Ana asarar ɗan tauri a sami juriya mai yawa. In kana da tanda mai ma'auni, digiri 230 zuwa 260, sa'a ɗaya, ya huce, a sake sa'a ɗaya. In babu, ka goge bakin ya yi fari, ka ɗora gindin a kan wani ƙarfe da ka gasa ya yi ja ko ka hura masa wuta daga baya, ka sa ido launi na tafiya zuwa baki. Launin ba hasken wuta ba ne, siririn ɓawo ne da iskar oksijin ke yi wa fatar ƙarfen, yana ƙara kauri yayin da zafi ke hawa. Rawaya mai haske kamar busasshiyar ciyawa na zuwa wajen digiri 220, ta reza da abin sassaƙa ce. Ruwan ƙasa wajen 250, shunayya wajen 275, shuɗi wajen 300 wanda shi ne na sifirin da zarto. Kurfi na son ruwan ƙasa da ya fara shiga shunayya. Da ya iso baki ka tsoma. A yi a hankali, launin da ya ruga cikin daƙiƙa goma fata kawai ya taɓa.

Gindin da ake duka dole ya zauna da laushi. Guduma mai tauri a kan gindi mai tauri ɓarɓashi take fiddawa da gudun da ke huda ido, kuma in kan ya baje kamar lema, a datse shi. Wajen wasawa a injin, in ka ga bakin ya yi shuɗi ka ɓata aikinka, wurin ya yi laushi sai an cinye shi. Ka riƙa tsomawa a ruwa akai-akai.

Akwai kalmomi da ake cakuɗawa, kuma cakuɗa su na sa a zaɓi ƙarfen da bai dace ba. Tauri shi ne ƙin karcewa da loɓawa. Ana auna shi da ma'aunin Rokwel, inda sitil da aka tsoma ke kai 60 zuwa 65, wuƙa mai kyau 56 zuwa 60, sifirin arba'in da wani abu. Ƙarfi shi ne nauyin da ƙarfe ke ɗauka kafin ya miƙe miƙewar da ba ta komawa. Sitil mai laushi na fara haka wajen megafaskal 250, kusan kilo 25 a kan kowane murabba'in milimita, wato sanda mai kaurin milimita 10 za ta riƙe kusan tan biyu. Lambar da ke kan ƙusar noti ma haka take nufi: 8.8 na tsinkewa wajen megafaskal 800, tana fara miƙewa a 640. Juriya ita ce shan bugu ba tare da karyewa ba, kishiyar gautsi. Sai sandarewa, wato ƙin lanƙwasa a ƙarƙashin ɗan nauyi, kuma ita tsomawa ba ta taɓa ta ko kaɗan. Kusan duk sitil, mai laushi da mai tauri, ma'aunin sandarewarsu na wajen gigafaskal 200 zuwa 210, alminiyam kuma 70. In sanda na rawa, kauri za a ƙara mata ko a canza siffarta, sayen sitil mai tauri ba zai hana ba.

Da wannan fahimta sauran ƙarafa ba su da wuyar ganewa. Wasu gaurayen alminiyam ana tsoma su, amma da laushi suke fitowa, taurin daga baya yake zuwa yayin da baƙin atam ke taruwa ɗigo-ɗigo suna tare hanya. Alfred Wilm ya ci karo da wannan a Jamus a 1906. Nau'in 6061 ana gasa shi wajen digiri 530, a tsoma, a riƙe wajen 175 na kusan sa'a takwas. Walda na rushe waɗannan ɗigo, gefen ɗinkin ya rasa kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ko fiye. A kula kuma, alminiyam ba ya yin ja kafin ya narke a 660, sai dai ka ga ya zube. Sitil marar tsatsa na ɗauke da kuromiyam aƙalla kashi 10.5, wanda ke yi masa siririyar fata mai gyara kanta. Nau'in 304, mai kuromiyam 18 da nikel 8, ostenait ne har a sanyi, don haka tsomawa ba ta taurara shi, aiki ne ke taurara shi. Shi ya sa in bakin abin huji ya tsaya yana goga maimakon yanka, wurin ya gagara. Ƙarfen zubi kuwa kabon ɗinsa ya haura kashi 2, yakan kai 4. Rarar na fitowa falle-falle na girafait, irin baƙin da ke cikin fensir, a cikinsa, kowane falle kamar tsaga ce da aka riga aka yi, shi ya sa yake jure danni amma ba ya jure ja ko bugu.

Mai walda ya san cewa gefen ɗinki tsomawa ce ba da niyya ba. Wurin ya zama ostenait, sanyin sauran ƙarfen ya zuƙe zafin kamar ruwa. A sitil mai laushi ba komai. A sifirin ko shaf mai kabon 0.4 zuwa sama, matensait zai fito a nan, in kuma sandar walda ta sha danshi, haidurojin ya shiga, bayan sa'o'i ko kwana a ga tsaga a gefen ɗinki. Maganinsa a ɗumama aikin zuwa digiri 200 ko 300 kafin walda, a yi amfani da busasshiyar sanda irin 7018, a lulluɓe ya huce a hankali. Ƙarfen da aka shafe da tutiya kuma sai an kankare shafin, don tutiya na tafasa a 907, farin hayaƙinta na kwantar da mutum da zazzaɓi.

Tsohon sifirin yana da wata matsala tasa. Ƙarfen da ya sha lanƙwasa sau miliyoyi yana gajiya, tsaga ta fara daga tabon tsatsa ko karce ko kusurwa mai kaifi, ta riƙa ci gaba kaɗan-kaɗan ko da nauyin bai kai rabin ƙarfinsa ba. Irin wannan ce ta tarwatsa jiragen sama biyu na Comet a 1954. Wuta ba ta ɗinke tsagar da ta riga ta buɗe. Don haka kada ka yanki ƙarfen aikinka kusa da inda sifirin ya karye ko kusa da ramin tsakiya, kuma ka goge shi fes ka duba kafin ka sa a wuta.

Tun da ƙarfen tsintuwa ba ya zuwa da takarda, ka gwada shi kafin ka ɓata yini a kansa. A dutsen injin, sitil mai laushi na ba da dogon tartsatsi mai ɗan reshe, mai kabon da yawa kuma gajere mai fashewa kamar taurari, ƙarfen zubi ja-ja ne gajere. Daga nan ka buga guntaye uku masu kaurin milimita 3 zuwa 4, ka daidaita tsabarsu, ka kai su zafi ɗaya. Ɗaya ya huce a iska, ɗaya a mai, ɗaya a ruwa. Ka bi su da magagari, sannan ka ɗaure kowanne a bais, ka rufa masa tsumma, ka sa tabarau, ka karya ka dubi tsabar. Sanyayawar da ta fi rashin kaifi cikin waɗanda suka sa magagari ya zame ita ce ta wannan sitil ɗin. In na iska ma ya taurara, gamin ya yi yawa, ba za ka iya tausasa shi da barinsa a fili ba, sai ka binne shi da zafinsa cikin toka mai ɗumi ko ka bar shi ya kwana a cikin wutar da ke mutuwa.